Ganin likita daga nesa a Amurka: wa zai biya, wa kuma ke riƙe da sirrin majinyaci?

Ranar 1 ga Oktoban 2025, tsofaffi da dama a Amurka sun wayi gari da saƙon asibiti cewa an ɗage ganawar da za su yi da likita ta bidiyo, ko kuma in an yi ta, mai yiwuwa kuɗin ya fito daga aljihunsu. Likitan yana nan, ciwon yana nan, wayar ma tana aiki. Wa'adin wani sashe na doka ne ya cika da tsakar dare, a daidai lokacin da Majalisar Dokokin ƙasar ta kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi, har gwamnatin tarayya ta dakatar da ayyukanta. Kwana 43 aka shafe a haka, sai ranar 12 ga Nuwamba aka sa hannu a dokar da ta maido da tsarin, aka kuma amince a biya kuɗin ganawar da aka yi a kwanakin da aka yi babu doka.

Abin da ya faru ya fito da tushen ruɗanin fili. Ganin likita ya bar ɗakin asibiti ya shiga cikin waya, amma dokokin da ke tafiyar da shi an rubuta su ne da gini da ma'aikata a zuciya. Dokar biyan kuɗi tana tambayar inda majinyaci yake zaune lokacin da ya yi magana da likita. Dokar sirri kuwa tana tambayar wane ne ke riƙe da bayanin, ba ta fara duba nauyin bayanin kansa ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Ganin likita daga nesa ya haɗa ganawa ta bidiyo, da kiran waya na murya kawai, da musayar saƙo, da na'urorin da ke auna hawan jini ko sukari a gida su aika wa asibiti sakamako. Doka ba ta ɗauke su abu ɗaya ba, kuma yawan gardamar a kan bidiyo da kiran murya take.

Masu biyan kuɗin ma sun bambanta. Medicare shirin gwamnatin tarayya ne da aka kafa a 1965 domin masu shekara 65 zuwa sama da wasu masu naƙasa, yana ɗauke da mutum sama da miliyan 60. Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi ne, tarayya da jiha ke haɗa kuɗinsa, kuma kowace jiha tana da ikon tsara abin da za ta biya na ganawar nesa. Sai inshorar kamfanoni, wadda yawancin ma'aikata ke samu ta wurin aikinsu. Idan aka ji labari cewa wa'adin ganin likita daga nesa zai ƙare, kusan kullum Medicare ake nufi. Wanda ke kan inshorar wurin aiki sau da yawa abin bai shafe shi kai tsaye ba, ko da yake kamfanonin inshora kan bi sawun abin da Medicare ta yi.

Akwai wani bambancin da ya fi waɗannan amfani ga mai bin labarin. Doka ita ce wadda majalisa ta zartar, shugaban ƙasa ya sa hannu. Ƙa'ida hukuma ce ke rubuta ta bisa ikon da doka ta ba ta, kuma kotu na iya soke ta in ta ga hukumar ta wuce gona da iri. Sassauci shi ne hukuma ko majalisa ta jingine wani sharaɗi na ɗan lokaci, da wa'adi a kansa. Mafi yawan abin da jama'a suka saba da shi tun 2020 sassauci ne, ba doka mai ɗorewa ba.

Daga ƙauye zuwa kowane gida

Kafin annobar korona, Medicare na biyan kuɗin ganawar nesa ne bisa sharuɗɗa masu tsauri. Dole majinyaci ya kasance a yankin karkara, kuma dole ya je wani asibiti ko ɗakin shan magani, daga can a haɗa shi da likitan ta bidiyo. Gidansa ba ya cikin lissafi, in ban da wasu keɓantattun lamura kamar masu wankin ƙoda a gida da masu jinyar shaye-shaye. Manufar tun farko ita ce a kai ƙwararren likita ga ƙauyen da ba shi da shi, ba a sauya yadda kowa ke ganin likita ba.

A watan Maris na 2020 aka jingine waɗannan sharuɗɗa. Aka yarda da gida a matsayin wurin ganawa, birni ko ƙauye, aka yarda da kiran murya a wasu ayyuka, aka ƙara masu gashin ƙashi da masu gyaran magana cikin waɗanda za a biya. Alƙaluman Ma'aikatar Lafiya sun nuna ganawar nesa a Medicare ta tashi daga kusan 840,000 a 2019 zuwa miliyan 52.7 a 2020.

Dokar ta-ɓacin lafiya ta ƙare ranar 11 ga Mayun 2023, amma sassaucin bai tafi da ita ba, domin majalisa ta riga ta tsawaita shi zuwa ƙarshen 2024. Daga nan aka shiga ƙarin wa'adi gajere-gajere: zuwa 31 ga Maris 2025, sannan 30 ga Satumba, wanda shi ne ya faɗi tare da kasafin kuɗi, sannan 30 ga Janairun 2026. A farkon Fabrairun 2026 aka ba shi numfashi mai ɗan tsawo, zuwa ƙarshen 2027. Kowane ƙarin wa'adi cikin dokar kasafi ake cusa shi, shi ya sa rikicin siyasar da bai shafi lafiya ba yake iya rufe ƙofar likita.

Fanni ɗaya ne ya tsira daga wannan jeka-ka-dawo, wato lafiyar ƙwaƙwalwa. Dokar da aka zartar a ƙarshen 2020 ta mai da ganawar masu wannan lalura daga gida abu na dindindin. Sai dai ta zo da sharaɗin cewa majinyaci ya ga likitan ido da ido cikin wata shida kafin fara ganawar nesa, kuma wannan sharaɗi shi ma ana ta ɗaga ranar fara aiki da shi.

Me ya hana a mai da shi doka?

Abin mamaki shi ne jam'iyyun biyu duk suna goyon bayan tsarin. Matsalar ta kuɗi ce da yadda ake lissafa shi. Ofishin kasafi na majalisa yana ƙiyasta abin da doka za ta ci a shekara goma, kuma dokar dindindin tana buƙatar a nuna inda kuɗin zai fito. Ƙarin wata shida ko shekara biyu ya fi sauƙin haɗiya a takarda.

Ƙungiyoyin likitoci da na asibitoci da masu kare haƙƙin tsofaffi suna cewa gajeren wa'adi yana hana asibiti ɗaukar ma'aikata da sayen kayan aiki, tunda ba a san gobe ba. Suna kawo misalin mai ciwon sukari da ba ya iya tuƙi, da wanda asibitin ƙwararru ke nesa da shi tafiyar sa'o'i, da wanda ke fasa zuwa asibiti gaba ɗaya in babu mai kai shi.

Masu taka-tsantsan, ciki har da kwamitin da ke ba majalisa shawara a kan kuɗin Medicare, tambayarsu ita ce ko ganawar nesa tana maye gurbin zuwa asibiti ne, ko ƙari ce a kansa. In ƙari ce, kuɗi ya ƙaru ba lalle lafiya ta ƙaru ba. Suna kuma tambayar dalilin biyan kiran bidiyo daidai da ganawar da aka yi a ɗakin da ake biyan haya da ma'aikata. Batun zamba ma yana ciki. Wani binciken babban mai binciken Ma'aikatar Lafiya a 2022 ya duba ma'aikatan lafiya kusan 742,000 da suka nemi kuɗin ganawar nesa a shekarar farko ta annoba, ya ware 1,714 da lissafinsu ke da alamar haɗari sosai. Ɓangarorin biyu duk suna kafa hujja da wannan adadi, ɗaya ya ce ga zambar, ɗaya ya ce ai ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Kiran murya ya fi raba kawuna. Likita ba ya ganin fuska, balle kumburin ƙafa. Amma waɗanda suka fi dogara da shi su ne tsofaffi da talakawa da mazauna karkarar da intanet mai ƙarfi bai kai ba, wato waɗanda aka ce dominsu ake yin tsarin.

Babbar dokar haraji da kashe kuɗi da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta taɓa lamarin ta fuska biyu. Ta tabbatar da damar da ke ba wasu tsare-tsaren inshora, irin waɗanda mutum ke fara biyan kaso mai yawa da kansa kafin inshora ta karɓa, su biya ganawar nesa tun daga farko. Ta kuma sa wa manya da dama a Medicaid sharaɗin aiki ko karatu ko hidimar al'umma na sa'a 80 a wata, wanda jihohi za su fara aiwatarwa zuwa farkon 2027. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta dokar za ta ƙara yawan marasa inshora da kusan miliyan 10 zuwa 2034. Wanda ya rasa inshorar, sassaucin ganawar nesa ba zai amfane shi ba.

Takardar magani da lasisi

Biyan kuɗi daban, ikon rubuta magani daban. Magungunan da ake sa wa ido saboda haɗarin kamuwa da jarabarsu, kamar masu kashe raɗaɗi masu ƙarfi, da na rashin natsuwa irin Adderall, da buprenorphine da ake jinyar masu shan ƙwayoyi da shi, suna ƙarƙashin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta DEA. Dokar Ryan Haight ta 2008, wadda aka sa wa sunan wani matashi ɗan Kalifoniya da ya mutu a 2001 bayan ya sayi ƙwayoyi ta intanet, ta wajabta ganawa ido da ido aƙalla sau ɗaya kafin a rubuta irin waɗannan.

An jingine sharaɗin a 2020. Da DEA ta fitar da daftarin maido da tsauraran matakai a farkon 2023, ta sami ra'ayoyin jama'a sama da 38,000, ta ja da baya. Tun daga nan take ƙara wa'adi, na baya-bayan nan zuwa ƙarshen 2026. Hujjar masu neman a tsaurara ba ta baki kawai ba ce: a Yunin 2024 Ma'aikatar Shari'a ta tuhumi shugabannin kamfanin Done da rarraba ƙwayoyin Adderall da makamantansu sama da miliyan 40 ta hanyar ganawar intanet. Masu jinyar shaye-shaye kuma suna cewa mutumin da ya yanke shawarar daina ƙwaya yau, in aka ce ya jira mako uku ya ga likita, ana iya rasa shi kafin ranar.

Lasisi na jiha ne, kuma wurin da majinyaci yake a lokacin ganawar shi ne abin dubawa. Ɗalibin da ya tafi karatu wata jiha yana iya jin likitansa na shekaru ya ce ba shi da ikon duba shi ta bidiyo. Mafi yawan jihohi sun shiga wata yarjejeniya da ke sauƙaƙa samun lasisi a jihohi da dama, amma ba ta mai da shi lasisi ɗaya na ƙasa ba.

HIPAA tana bin mai riƙewa

Dokar HIPAA, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996, ita ce sunan da kowa ke ambata in ana maganar sirrin majinyaci, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ta hau kan asibitoci da likitoci da kantunan magani da kamfanonin inshora, da 'yan kwangilar da ke sarrafa musu bayanai. Ta ba su damar musayar bayanan majinyaci ba tare da neman izininsa ba in don jinya ne, ko karɓar kuɗi, ko gudanar da asibiti. Ta ba majinyaci haƙƙin karɓar kwafin fayil ɗinsa cikin kwana 30, da neman a gyara kuskure, da kai ƙara ga ofishin kare haƙƙi na Ma'aikatar Lafiya. Ba ta ba shi damar maka asibiti a kotu da kansa a ƙarƙashinta ba. Gwamnati ce ke cin tara.

A lokacin annoba an kau da kai ga likitocin da ke amfani da FaceTime ko Skype. Wannan rangwamen ya ƙare ranar 9 ga Agustan 2023. Yanzu sai manhajar da kamfaninta ya sa hannu a yarjejeniyar kare bayanai da asibitin.

Giɓin yana wani wuri. Awon sukarin da ke fayil ɗin asibiti yana ƙarƙashin HIPAA. Wannan awon, in mutum ya shigar da shi da hannunsa cikin wata manhajar da ya sauke a wayarsa, yawanci ya fita daga inuwarta. Haka manhajar lissafin al'ada, da agogon da ke ƙidaya bugun zuciya, da binciken da mutum ya yi a intanet a kan wata cuta. Hukumar kula da cinikayya ta FTC ce ta shiga cike giɓin da dokokin hana yaudarar masu saye. A 2023 kamfanin GoodRx ya amince ya biya dala miliyan 1.5, BetterHelp mai haɗa mutane da masu ba da shawara kan damuwa ya biya dala miliyan 7.8, bisa zargin miƙa bayanan masu amfani da su ga kamfanonin talla irin su Facebook bayan sun yi alƙawarin sirri. A 2024 hukumar ta gyara ƙa'idarta ta fayyace cewa manhajojin lafiya ma dole su sanar da mutane in bayanansu sun fita ba da izini ba.

Su ma asibitocin ba su kuɓuta ba. Wani binciken 'yan jaridar The Markup a 2022 ya gano wata 'yar manhajar bin sawu ta kamfanin Meta, mai Facebook, a shafukan 33 daga cikin manyan asibitoci 100 na ƙasar. Ma'aikatar Lafiya ta fitar da gargaɗi mai faɗi, ƙungiyar asibitoci ta kai ƙara, a Yunin 2024 wata kotun tarayya a Teksas ta soke wani ɓangare nasa, tana cewa shiga buɗaɗɗen shafin asibiti kaɗai bai isa ya zama bayanin jinya ba. Jihohi sun fara yin nasu. Dokar jihar Washinton da ta fara aiki a Maris 2024 ta bi bayanin lafiyar ne duk inda yake, ta kuma ba mutum damar shigar da ƙara da kansa. Sakamakon haka kariyar da ɗan Amurka ke da ita a kan manhaja ɗaya ta danganta da jihar da yake zaune.

Ƙa'idar da ta faɗi da wadda ta tsaya

Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022 da ya mayar wa jihohi ikon yin doka a kan zubar da ciki, gwamnatin Joe Biden ta fitar da ƙa'ida a Afrilun 2024 da ta hana asibiti miƙa bayanan lafiyar haihuwa domin a binciki wanda ya nemi ko ya ba da kulawar da ta halatta a inda aka yi ta. Masu goyon baya sun ce in mace ta ji tsoron fayil ɗinta zai zama shaida a kanta, za ta ɓoye wa likita gaskiya. Masu adawa sun ce ma'aikatar ta ware wani nau'in jinya ta ba shi kariyar da majalisa ba ta amince da ita ba, ta kuma shiga hurumin jihohi na binciken laifi da cin zarafin yara. A Yunin 2025 alƙali Matthew Kacsmaryk na kotun tarayya a Teksas ya soke mafi yawan ƙa'idar a duk faɗin ƙasar. An koma ga tsohon tsarin HIPAA, wanda ya yarda a miƙa bayanai in akwai umarnin kotu ko wata takardar shari'a da ta cika sharuɗɗa.

Ƙa'idar bayanan masu jinyar shaye-shaye kuwa ta tsaya. Tun shekarun 1970 ake ba waɗannan bayanai kariya ta musamman, don kada tsoron kamu ya hana mutum neman magani. Gyaran da aka kammala a Fabrairun 2024, wanda ya zama wajibi daga 16 ga Fabrairun 2026, ya ba majinyaci damar sa hannu sau ɗaya ya amince a yi amfani da bayanansa wajen jinya da biyan kuɗi nan gaba, maimakon izini a kowane karo. Likitoci sun samu sauƙin ganin cikakken tarihin mutum. Masu kare haƙƙin majinyata suna fargabar bayanin zai yi yawo fiye da da. Haramcin amfani da shi a shari'a a kan majinyacin, ba tare da izininsa ko umarnin kotu ba, yana nan.

Masu kutse

Duk wannan gardama a kan izini take, alhali asarar sirri mafi girma ba da izinin kowa ta faru ba. A Fabrairun 2024 masu kutse suka shiga kwamfutocin Change Healthcare, reshen UnitedHealth da ke sarrafa takardun biyan kuɗi tsakanin asibitoci da inshora. Shugaban kamfanin ya shaida wa majalisa cewa sun shiga ne ta wata ƙofa da ba ta da matakin tantancewa na biyu bayan kalmar sirri, kuma an biya fansar dala miliyan 22. Bayanan mutum kusan miliyan 190 abin ya shafa, fiye da rabin al'ummar ƙasar, yawancinsu ba su taɓa jin sunan kamfanin ba.

A Janairun 2025 Ma'aikatar Lafiya ta wallafa daftarin da zai wajabta tantancewa mai mataki biyu da kulle bayanai da lambobin sirri, abubuwan da tsohuwar ƙa'ida ta bar wa kowace ma'aikata ta auna. Ma'aikatar da kanta ta ƙiyasta kuɗin shekarar farko a kusan dala biliyan 9. Ƙungiyoyin asibitoci sun nemi a janye shi, suna cewa ƙananan asibitocin karkara ba za su iya ɗauka ba, masana tsaro kuma suna cewa matakan su ne mafi ƙarancin abin da ya kamata.

Abin da ya rage a hannun majinyaci

Ga mai Medicare, ganawa daga gida tana nan zuwa ƙarshen 2027, kuma kasonsa na kuɗi daidai yake da na zuwa asibiti, galibi kashi 20 cikin ɗari bayan ya cika abin da ake fara biya a shekara. Mai Medicaid da mai inshorar wurin aiki sai su tambayi tsarinsu, musamman a kan kiran murya. Wanda zai yi tafiya ya gaya wa asibiti jihar da zai kasance ranar ganawa. Kafin mutum ya zuba tarihin ciwonsa a wata manhaja, tambayar da ta fi amfani ita ce ko asibitinsa ko inshorarsa ce ta ba shi ita, ko kuwa kamfani ne mai zaman kansa, domin amsar ce ke nuna dokar da ke kansa.

Wanda ya fi zama a bakin wa'adi shi ne mai karɓar maganin da ake sa wa ido daga likitan da bai taɓa gani ido da ido ba, tunda sassaucin DEA zai ƙare shekara guda kafin na Medicare. Dokar 2008 ganawa ɗaya ta nema. In majinyaci ya samu ya zauna gaban wannan likitan sau ɗaya, likitan na iya ci gaba da rubuta masa maganin daga nesa ko an ƙara wa'adin ko ba a ƙara ba.